Kebul ɗin LAN, na USB ko Thunderbolt: da wanne za ka kwashe kayanka daga kwamfuta zuwa kwamfuta?

Jama'a wagga tambaya ta yawaita gare ni, musamman daga masu ɗaukar bidiyon biki da ɗaliban Jami'ar Danfodiyo da na Poli da suka canza laftof, mutum ya sayi sabuwa ko tokumbo mai ɗan dama-dama, tsohuwar kuma cike take da kaya gig 200 ko 300, hotuna da bidiyoyi da karatuttukan malamai da furojet, shi kuma ba shi da had dis na waje, data kuma ba a magana don wa zai ɗora gig 200 a intanet ya sake sauke shi a ƙasar nan. To sai ya ce ai kawai in samo kebul in haɗa su biyun. Ana yi, ba gardama, amma kebul iri-iri ne kuma akwai wanda in ka soka ma sai ka ƙare a shagon mai gyara.

Bari in fara da na haɗarin don mu kawar da shi gefe. Kebul ɗin USB da bakinsa biyu duk iri ɗaya ne, faffaɗan nan mai kusurwa huɗu, irin wanda ke zuwa tare da fankar sanyaya laftof ko wasu tsofaffin gidajen had dis, kar ka haɗa kwamfuta biyu da shi. Dalili shi ne USB an gina shi kan cewa ɗaya mai gida ne ɗaya baƙo, kwamfuta ita ce mai gida tana ba da wuta bolt 5 tana ba da umarni, fulash ko mawus ko firinta su ne ke karɓa. In ka haɗa laftof biyu kowace tana tura wutarta cikin ɗayar, ba fayil ɗin da zai wuce, in an yi sa'a kwamfutar ta kashe ramin USB ɗin don kare kanta, in ba a yi sa'a ba ramin ya ƙone ko abin ya taɓa bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Shi kuma kebul ɗin Type-C na caja da bakinsa biyu duk C ne ba ya ƙona komai don na'urorin suna sasantawa tsakaninsu kafin wuta ta wuce, sai dai a laftof ɗin Windows na yau da kullum abin da za ka gani bai wuce ɗaya ta fara cajin ɗayar ba ko kuma shiru, ba wata folda da za ta buɗe maka.

To saura guda uku na gaskiya, kebul ɗin LAN, da kebul ɗin USB na musamman mai ƙulli a tsakiya, da Thunderbolt. Ni dai in faɗi ra'ayina tun yanzu, ga yawancin mutanenmu nan Sakkwato da irin laftof ɗin da ke hannunmu, HP da Dell da Lenovo na ofis da aka shigo da su, LAN ne ya fi, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Kebul ɗin LAN shi ne wanga mai kan roba garai-garai da ɗan maƙale da ke yin ƙas in ka soka shi, wanda kake gani a kafen intanet da cibiyoyin jarrabawar JAMB. Ba wuyar samu, duk shagon da ke saida kayan kwamfuta ko masu haɗa kyamarar tsaro suna da shi, suna ma iya yanko maka mita biyu su matse kawunan a gabanka, kuma cikin ukun nan shi ya fi arha nesa ba kusa ba. Ka nemi Cat5e ko Cat6, an rubuta a jikin robar, kowanne yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, ke nan ko ɗaya kwamfutar tana shago ɗayar tana can ƙuryar gida zai kai. Tsofaffin injiniyoyi za su ce maka sai ka samo kurosoba, wato wanda aka musanya wayoyin cikinsa, wagga magana gaskiya ce a zamanin katin LAN na 10/100, wato mai gudun megabit 10 ko 100 a daƙiƙa, amma ramukan gigabit, wanda ma'auninsa ya fito tun 1999, kusan duk suna gane kansu su juya da kansu, ko ɗaya daga cikin kwamfutocin ce ke da wannan ya isa, don haka kebul na yau da kullum ya wadatar.

Saurinsa fa? Gigabit a takarda megabit 1000 ne a daƙiƙa, da yake megabit takwas ke yin megabait ɗaya, a aikace za ka ga kamar megabait 110 a daƙiƙa in komai ya zauna daidai, ka yi lissafi gig 200 zai ɗauki wajen minti 30, kafin ka je sallar la'asar ka dawo ka ɗan taɓa hira an gama. Amma a nan ne tarkon yake, ba kowace laftof ke da gigabit ba. Na ofis irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad suna da shi, amma masu arha na gida da yawa, misali wasu Dell Inspiron 15 na jerin 3000, ramin nasu 10/100 ne, iyakarsa megabait 11 zuwa 12 a daƙiƙa, gig 200 ɗin nan ya koma awa biyar. Kuma in ɗaya gigabit ce ɗaya 100, duka biyun za su sauko 100. Haka in mai matse kan kebul ya yi ganganci, don gigabit sai da wayoyi takwas ɗin ciki duka, shi kuma 100 huɗu kawai yake buƙata, to waya ɗaya ta ƙi taɓawa sai ka ga kebul shina aiki lafiya lau amma a 100, kana ta zargin kwamfuta alhali laifin matsewa ne. Yadda za ka gane, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna Ethernet sau biyu, wajen Speed zai nuna maka 1.0 Gbps ko 100 Mbps. Kafin ma wannan ka leƙa bakin ramin, yawancinsu akwai ƴan fitilu biyu kore da ruwan lemo, in ba su kama ba to ba a haɗu ba, kuma a garin nan da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina sau da yawa ramin ne ya toshe don an yi shekara ba a soka komai ciki ba, ka hure shi ka goge da busasshen buroshi kafin ka yanke hukuncin ya mutu.

Inda LAN ke ba mutane haushi saiti ne, ba zan ɓoye ba. Ba kamar fulash ba ne da za ka soka ya buɗe. Da yake ba rauta, wato na'urar da ke raba intanet, a tsakani da zai raba wa kwamfutocin adireshi, Windows za ta ɗan jira sannan ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wannan ma shina aiki, amma ni na fi son in sa da hannu don in san inda nake. A wancan shafin na ncpa.cpl ka shiga Properties na Ethernet, ka zaɓi Internet Protocol Version 4, ta farko, wato tsohuwar, ka ba ta 192.168.50.1, ta biyu, wato sabuwar, 192.168.50.2, layin ƙasa duka biyun 255.255.255.0, sauran ka bar su fanko. Na zaɓi 50 da gangan, don ƴan mifi da rautocin gida sun fi amfani da 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8, in ka yi karo da su sai intanet ɗinka ta rikice ka rasa mi ya faru. Daga nan ka buɗe cmd, baƙin allon nan da ake rubuta umarni, a ta biyu ka rubuta ping 192.168.50.1, in amsa na dawowa hanya ta buɗe, in ba ta dawowa kada ka firgita tukuna, sau da yawa katangar tsaron Windows ce ke tarewa har sai ka kunna rabawa.

Rabawar ita ce mataki na gaba, ka shiga Advanced sharing settings ka kunna Network discovery da File and printer sharing a duka biyun. Wani abu da ke kama mutane, Windows tana ɗaukar irin wanga haɗi a matsayin hanyar da ba ta sani ba, sai ta sa shi a rukunin Public, to in a Private kaɗai ka kunna ba abin da zai faru, ka kunna a Public ɗin ma amma don Allah in ka gama ka kashe, kar ka je ka hau waifai ɗin makaranta ko na otal da foldarka a buɗe. Sai ka danna dama a kan foldar da kake son kwashewa, Properties, Sharing, Share. A ɗaya kwamfutar kuma ka buɗe File Explorer ka rubuta \\192.168.50.1 a layin sama. Za ta tambaye ka suna da faswod, na tsohuwar kwamfutar take nufi ba na wadda kake kai ba, kuma in akawun ɗin ba shi da faswod gaba ɗaya Windows ba ta yarda a shigo ta hanyar sadarwa, sai ka sa mishi ko na ɗan lokaci ne, in kuma akawun na Microsoft ne imel da faswod ɗinsa za ka sa, lambar PIN da kake buɗe laftof da ita ba ta aiki a nan. Masu Windows 11 sabuwa su lura ta ƙara tsanani kan shiga ba faswod, don haka ka sa faswod ɗin ka huta kawai. Wanda ya saba da HomeGroup na zamanin Windows 7 kuma ya daina nema, an cire shi daga Windows 10 tun 2018. In kuma tsohuwar taka har yanzu XP ce, akwai ƙarin ciwon kai don tsohon tsarin rabawar da take amfani da shi, SMB1, a kashe yake zuwa a sababbin Windows saboda raunin tsaro, irin wannan gara ka bi wata hanya.

Na san wani zai ce malam wanga saiti ya yi yawa. Karo na farko ne kawai, minti goma zuwa sha biyar, bayan nan in ka bar adireshin yadda yake duk ranar da ka soka kebul ka sake kunna rabawar sai aiki. Mai sitidiyo da ke da kwamfutar tebur ta editin da laftof ta fita aiki, shi wannan ma bai kamata ya cire kebul ɗin ba, ya dawo daga kamu ko walima ya soka ya tura, ba rauta ba data ba fulash da ke yawo hannu-hannu. Kuma LAN bai damu da jinsi ba, Windows da Mac da Linux duk suna jin yaren juna ta nan.

In laftof ɗinka siririya ce ba ta da ramin LAN sam, akwai adafta ta USB zuwa LAN, amma ka karanta kwalin da kyau, masu arha da suka cika kasuwa yawancinsu 10/100 ne, ka nemi wadda aka rubuta gigabit ko 1000 kuma USB 3.0, ka soka ta a rami mai shuɗin harshe ko mai alamar SS. In ka sa ta a ramin USB 2.0 ba za ta wuce megabait 30 zuwa 35 ba ko da ita gigabit ce.

Na biyu, kebul ɗin USB mai ƙulli a tsakiya. Wanga ƙullin ɗan cif ne da ke nuna wa kowace kwamfuta cewa shi baƙo ne, sai rigimar masu gida biyu ta kau, kamfanoni irin su Plugable da j5create da Laplink suna yin shi. Daɗinsa ba ruwanka da adireshi ko faswod, ka soka, manhajarsa ta buɗe, ka ga fayilolin wannan a hagu na waccan a dama ka ja ka ajiye, wasu ma suna barinka ka yi amfani da mawus da kibod ɗaya a kwamfutocin biyu. Ga wanda bai son shiga saiti ko kaɗan abin sha'awa ne. Amma matsalolinsa a wurinmu suna da yawa. Na ɗaya samunsa, ba kaya ne da ke zaune a kowane shago ba, sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko Kano ko waje, kuma haɗarin shi ne ka ce wa yaron shago kebul ɗin USB na haɗa kwamfuta biyu shi kuma ya miƙo maka wancan na fanka da zuciya ɗaya, in ba ka ga ƙulli a tsakiya ko kai ɗaya mai kauri da rubutun kamfani a kwali ba ka aje mishi abinsa. Na biyu, da yawansu USB 2.0 ne, gig 200 zai ci kusan awa biyu, na USB 3.0 sun fi sauri sosai amma sun fi kuɗɗi. Na uku kuma wanda ya fi damuna, rayuwarsa duk a kan manhaja take. Tsofaffin da aka yi don Windows Easy Transfer na zamanin Vista da Windows 7 sun zama marayu don Microsoft ta cire wagga manhaja daga Windows 10, to in ka ci karo da tsohon kaya a kasuwa wataƙila ka kai gida ya ƙi yin komai. Ga shi gajere, mita biyu ko ƙasa da haka, kuma in ka gama kwashe kayan ba shi da wani amfani sai zaman durowa, shi kuwa na LAN gobe ka haɗa rauta ko firinta da shi.

Wuri ɗaya da zan ɗaga mishi hannu, manhajar PCmover ta Laplink tana ƙoƙarin ɗauko har manhajojin da ka girka da saitinsu, abin da kwafe na yau da kullum ba ya yi. Don a sani, ko ta wace hanya ka bi, kwafe foldar Program Files ba ya kawo maka CorelDraw ko Office ko SPSS a sabuwar kwamfuta, sai ka sake girka su. Ita ma PCmover ɗin ta kuɗɗi ce, kuma tana aiki ta LAN ma.

Na uku Thunderbolt, wannan shi ne sarkin gudu amma ba kowa ke da shi ba. Tun Thunderbolt 3 da ya fito 2015 bakinsa iri ɗaya ne da Type-C, shi ya sa ake ruɗewa, ka duba gefen ramin in akwai ƴar alamar walƙiya to shi ne, in babu to mai yiwuwa Type-C ne kawai. Misali EliteBook 840 G3 da ta cika gari tana da Type-C amma ba Thunderbolt ba ne, ita kuwa 840 G5 da ThinkPad T480 suna da shi, haka MacBook Pro daga 2016 zuwa sama. Sharaɗi uku ne kuma duka sai sun cika, wannan tana da shi, waccan tana da shi, kebul ɗin ma na Thunderbolt ne mai alamar walƙiya a kai ba na cajar waya ba, kuma kebul ɗin da tsadarsa. In sun cika, kwamfutocin za su ga juna kamar an haɗa su da LAN mai gudun gigabit 10 ko fiye, ke nan a Windows saitin rabawa da faswod ɗin nan da na bayyana bai tafi ko'ina ba, sai ka yi shi. Masu Mac sun fi morewa, akwai Migration Assistant da ke kwashe komai, kuma tsofaffin masu cif ɗin Intel in ka riƙe harafin T lokacin kunnawa sai kwamfutar ta koma kamar had dis na waje, sababbi masu cif ɗin M1 zuwa sama kuma ta Share Disk ake yi. Mai editin da ke da Mac biyu ba shi da abin tunani, ya sayi kebul ɗin. Amma sayen sa don ka haɗa laftof mai tsohon had dis asara ce.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi kebul ɗin kansa muhimmanci, wato faifan da ke cikin kwamfutocin. Abin kamar ayarin raƙuma ne, tafiyar gurgun ciki ita ce tafiyar kowa. Had dis ɗin laftof mai juyawa yana ba da kamar megabait 80 zuwa 110 in shina da lafiya, SSD, wato faifan da ba ya juyawa, mai bakin SATA wajen 500, irin SSD da ake kira NVMe kuma dubbai. To in tsohuwar taka mai juyawa ce, gigabit LAN ya riga ya ƙure ta, ko ka kawo Thunderbolt ba abin da zai ƙaru. Sannan irin fayilolin ma na da tasiri, za ka ga bidiyo guda mai gig 8 na gudu a 110 gwanin sha'awa, ana shiga foldar hotunan WhatsApp da ƴan takardu dubu-dubu sai koren layin nan ya faɗo ƙasa warwas kana ganin kilobait, lokacin da ya ce saura minti 10 ya koma awa 2. Ba lalacewa ba ce, kowane ƙaramin fayil sai an buɗe an rubuta an rufe, maganin shi ne ka dunƙule su a zip guda kafin turawa in kana da wuri.

To fulash da had dis na waje fa, tunda su muka saba? In kayan bai wuce gig 10 ko 20 ba wallahi kar ka wahalar da kanka da wani saiti, fulash mai kyau ya isa, sai dai ka tuna in FAT32 ne ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gig 4 sai ka mayar da shi exFAT, ka tuna da jabun da aka rubuta 128 alhali cikinsa bai kai ba, sai ya nuna ya kwafe ka je buɗewa ka tarar da fanko, ga bairos ɗin shotkot da duk wanda ya taɓa kai fulash shagon firintin ya san shi. Had dis na waje aiki biyu ne, ka zuba ka sake juyewa, lokaci ya ninka, amma yana da fa'idar da kebul ba shi da ita, in ka gama kana da kwafi na uku a ajiye. In kana da shi a hannu kuma ba ka gaggawa, ba laifi. Akwai kuma ƴar adaftar SATA zuwa USB, ka ciro faifan tsohuwar ka soka a sabuwar kai tsaye, ita ce mafita in tsohuwar ta daina kunnuwa gaba ɗaya, amma in an kulle faifan da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, sai da makullinsa mai lamba 48.

Duk wadda ka zaɓa, yanayin garinmu sai an yi mishi shiri. Ka cika batiran biyu kafin ka fara, kwamfutar tebur kuma in ba inbata ko UPS kar ka fara babban kwafe da wutar da ba ka da tabbacinta. Ka shiga saitin wuta ka hana su barci, don laftof na yin barci haɗin ya yanke. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40 kar ka ɗora su kan katifa ko darduma su yi awa suna aiki, ka sa su kan tebur ko siminti inda iska ke shiga ta ƙasa, in da hali ka bari sai dare. Kwafe za ka yi ba yankewa ba, kada ka goge komai daga tsohuwar sai ka gwada girman folda da adadin fayiloli a ɓangarorin biyu sun yi daidai kuma ka buɗe wasu bidiyoyin ka gani da idonka. Wanda bai tsoron baƙin allon cmd ya yi amfani da robocopy da ke cikin Windows, in ka ƙara mishi /E da /Z zai kwashe har ƙananan foldoji kuma in abu ya katse ka sake kunna shi zai tsallake waɗanda ya riga ya gama, wanda bai son rubutu kuma TeraCopy na yin kusan haka da dannawa kawai.